Buhun da Na Cire Daga Hannun Baba Maina

Kowa ya ɗauka wahalar aikin nan tana wajen zana jarumin. Ƙarya ce. Jarumin shi ne abu mafi sauƙi a shafi: ƙirji kamar faifai, damtse kamar taɓarya, ƙyalle yana kaɗawa a baya, shi ke nan an gama. Ku ba ni fensir mai tsini, kafin shayinku ya huce na fito muku da uku. Amma kullum sai wani ya leƙo shago da waya a hannu, ya nuna mini ƙato sanye da matsattsun kaya yana shawagi a kan dogayen benaye, ya ce, "Anti Yagana, nima na iya irin wannan, koya mini yadda ake bugawa kawai." Idan na ce ya zana mini tsohuwa tana ɗaura ɗankwali, sai ya kama sosa ƙeya. To ku zauna ku ji, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya.

Ni a wajen Malam Habu na koya, mai zanen allunan shaguna da bayan motoci, nan kusa da kasuwar Haɗeja. Na gama sakandare, lissafi ya kayar da ni, ina zaune a gida ina cika bayan tsofaffin littattafaina da zane. Mahaifiyata ta gaji, ta kai ni wurinsa da kanta, don matarsa ƙawarta ce. Na je da zanen jarumai cike da leda ina jiran yabo. Ya duba biyu, ya mayar, ya miƙo mini fensir ya ce in zana hannunsa yana riƙe da kofi. Na zana. Ya ce, "Wannan hannu ne ko citta?" Wata uku ban zana komai ba sai hannu. Hannun mai yankan farce, hannun mai auna shinkafa, hannun mai tuƙa kwalekwale.

Allon farko da ya bar mini ni kaɗai na wata mai soyayyen kifi ne. Na buɗe wani littafin Turawa na kwafo kifi kyakkyawa, mai jela kamar mafici, na zuba masa launi. Matar ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "'Yar nan, wannan ba tarwaɗa ba ne, ba karfasa ba ne, wa ke cin sa?" Malam ya jira ta tafi. Sannan ya ba ni doka ɗaya, wadda har yau nake kanta: kada in ƙirƙiri fuska daga kaina, kada in ƙirƙiri kifi, kada in ƙirƙiri ko akuya. In fita in kalla. Tun daga ranar nake yawo da ƙaramin littafi a jaka, duk fuskar da ta kama idona sai ta shiga ciki. Ku riƙe wannan dokar, domin ita ce ta gyara ni, kuma ita ce ta jefa ni cikin abin da zan ba ku labari.

Littafin labarin zane, irin wanda nake yi, shafi goma sha shida ne. Sai ka fara da raba shafi gida-gida da rula, ka san abin da zai faru a kowane gida kafin ka taɓa fuskar kowa. Sai fensir, sai alƙalamin tawada a bi sawu, sai a jira ya bushe kafin a sa kilina, in ba haka ba ka ja baƙi a kan aikin kwana biyu. Da damina takarda tana shan sanyi, tawada ta riƙa bajewa kamar kunu, don haka a bokiti mai murfi nake ajiye tawa. Magana kuma ana rubuta ta kafin a zagaye ta, ba a zagaye sannan a cusa ta. Daga nan in kai wa Alhaji mai injin bugawa, ya buga, mu ninke, mu danna sitefila. Kuma dole in sa lamba a kowane gida. Na koyi wannan ne ranar da wani dattijo mai gyaran keke, wanda a allo ya fara karatu, ya karanta mini shafi daga dama zuwa hagu, ya zo yana faɗa wai me ya sa jarumin ya ci nasara da farko sannan aka yi masa dukan tsiya.

Jarumina sunansa Shahon Fadama. Zan faɗi gaskiya, daga littattafan waje na gwanjo na tsinto shi, na canza masa launin fata na ɗora masa suna. Kuma tun a lokacin abubuwa da yawa a irin labaran nan suna ba ni haushi. Mutum ba uwa ba uba, ba ƙane ba kawu, ba wanda zai aike shi cefane. Ya rufe rabin fuska da ƙyalle wai don kada a gane shi. A Haɗeja? Inda ake gane mutum daga tafiyarsa a faɗi sunan kakansa? Kowace matsala maganinta naushi. An rushe rabin gari wajen faɗa, ba a taɓa nuna wanda ya share ɓaraguzan ba. Ya mutu a wannan littafi, ya tashi a na gaba, har mai karatu ya daina jin tsoro dominsa. Labarin da ba ka jin tsoro a cikinsa kuwa, me ya rage?

Masu saye ma ba su bar ni ba. A littafi na biyu Shaho ya diro tsakar wani gida ta sama don ya kashe gobara. Wata malamar Islamiyya ta tare ni a hanya ta ce, "Yagana, wannan yaron naki ba tarbiyya ne? Gidan matan aure, ba sallama?" A na uku ya ɗauko wata mata a hannu ya tashi da ita sama. Kwana uku masu shayi suna gardamar matar wa ce, kuma mijin yana ina. Duk wannan dariya na yi. Na ƙara masa da'irar magana mai cewa "Salamu alaikum" duk inda zai sauka, na daina ba shi mata ya ɗauka, na ce na gyara. A tunanina matsalar Shaho ta ladabi ce kawai.

Sai shekarar ruwa ta zo, wato bara. Ku da kuke nan kun gani, ba sai na zana muku ba. Kogi ya cika ya tumbatsa, gonakin shinkafa daga nan har Auyo suka zama tafki, mutanen ƙauyuka suka shigo da tabarmi da awaki. Abin da ya tsaya tsakanin ruwan da unguwarmu jinga ce kawai, tudun ƙasar nan da aka tara a bakin gari. Malam ya rufe shago ya ɗauki shebur. Maza suna cika buhuna da ƙasa, mata muna dafa abinci muna kaiwa. Ni idan na sauke kwano sai in zauna a gefe in fito da littafina, don hannuna ba ya iya zama.

Wanda na fi zanawa shi ne Baba Maina. Manomin shinkafa ne, tsohon masunci, sa'an kakana, kuma shi ke jagorantar aikin jinga a ɓangarenmu ba tare da wani ya naɗa shi ba. Shi ya san inda ruwa ke cin ƙasa ta ƙarƙashi. Sai ya taka wuri da dunduniya ya ce, "Nan, buhu ashirin," kuma in an tona a tarar da laka. Kwana da kwanaki yana cikin ruwa har tsakanin yatsun ƙafarsa ya farfashe. Fuskarsa kuwa abin so ce ga mai zane: kunne ɗaya da ƙugiya ta taɓa tsagawa, gemu ɗan tsurut, hula ta karkace. Da wasan jika yake kirana. In na kawo tuwo ya ce, "Uwargida, yau ma gishirin ya tafi gudun hijira?" In ce, "Tsoho, ci ka yi shiru, ba ka da haƙoran zaɓe." Na zana shi ya fi sau goma, kusan duk da buhu a kafaɗa ko a hannu.

Jingar ta tsaya, Allah Ya kiyaye. Ruwa ya janye, takarda ta bushe, Alhaji ya ce in yi littafi a kan ambaliyar tun mutane ba su manta ba. Malam yana Kaugama a lokacin, an ba shi fentin wata makaranta, don haka ba wanda ya duba mini. Na yi yadda ake yi a duk littattafan da na taɓa karantawa. Jinga ta tsage, ruwa ya taso, Shaho ya yi sallama ya diro, ya sa bayansa ya toshe ɓarakar shi kaɗai. Shafin tsakiya gaba ɗaya na ba shi. A irin shafin nan kuwa dole a sami jama'a a ƙasa suna kallo, don da su ake auna girman jarumi. Ina zan samo fuskoki? Doka ta ce kada in ƙirƙira. Na buɗe littafina na ɗebo. Wanda ya fi kyau, zanen Baba Maina, na sa shi a gaba. Buhun da ke hannunsa ya tare mini wuri, sai na cire shi, na ɗaga hannun sama da yatsa ɗaya a miƙe, na buɗe masa baki, na rubuta masa: "Ku duba! Ya cece mu!"

Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunani ba. Abin da ya dame ni a ranar shi ne ko inuwar ƙyallen Shaho ta faɗi daidai.

Littafin ya ƙare cikin 'yan kwanaki, Alhaji ya sake bugawa. Ina ta hura hanci, na ɗauka zanen ruwan ne ya burge mutane. Sai ranar kasuwa ina dawowa daga sayen tawada na hango Baba Maina yana tura kekensa, yara wajen shida suna bin sa a baya, kowanne ya ɗaga yatsa sama ya wangale baki, suna ihu, "Ku duba! Ya cece mu!" Masu kayan miya suna dariya. Shi bai waiwaya ba. Na tsaya da kwalbar tawada a hannu kamar an dasa ni.

Malam ya dawo, ya buɗe shafin tsakiya, ya daɗe a kai. Ya ce, "Kunnen ya fito." Ya ƙara dubawa. Ya ce, "Gemun ma ya fito. Da ma kin ɓata zanen, da ba wanda ya gane shi." Na ce, "Malam, kai ka ce kada in ƙirƙiri fuska." Ya ce, "Na ce ki kalla. Kin kalli fuskar, kin bar mutumin." Ya ɗauki burushinsa ya ci gaba da rubuta allon wani mai cajin waya.

Da abin ya tsaya a tsokanar yara, da na ce zai wuce. Bai wuce ba. Baba ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Rani ya yi, lokacin da ake haɗuwa a gyara jinga kafin ruwan sama, mai unguwa ya aika masa har sau biyu. Amsar da ya bayar ta zagaya unguwa kafin la'asar: "Ku kira mai ƙyallen." Samari suka je su kaɗai, suka zuba ƙasa inda ido ya nuna musu, suka dawo. Kowa ya san ba haka ake yi ba, kuma ba wanda ya san inda ya kamata a taka. Mahaifiyata ta ce mini, "Gidanmu ne na huɗu daga jinga, in kin manta."

Na je gidansa da hantsi, da littafin zanena a jaka. Na same shi a zaure yana ɗinkin koma, duk da ya daɗe da barin kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya lau, Malama." Tun ina rarrafe bai taɓa kirana Malama ba. Na gwammace ya zage ni.

Na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri."

Ya ce, "Na me? Ai kin iya. Jikokina ma sun ce kamar hoto."

"Ban yi don in wulaƙanta ka ba."

"Na sani." Ya ja zare ya ciza. "Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da kika zana ni, me ke hannuna?"

Na ce, "Buhu."

"Ina buhun?"

Sai na fito da littafin na buɗe masa zanen asali, na miƙa da hannu biyu. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa. Ya ga kansa da buhu a kafaɗa. Ya ga Malam Habu da shebur. Ya ga matan da ke sauke tukwane. Yana juyawa a hankali, har ya iso wani shafi da na zana jerin buhuna a kan jinga, sai ya tsaya, ya kawo littafin kusa da ido.

"Wane sakarai ne ya jera waɗannan?"

Na ce, "Haka na gan su."

"Ba a ɓangarena ba. Dubi, ɗaya a kan ɗaya kamar kwanukan amarya. Ruwa zai bi tsakani ya wuce yana dariya. Kamar bulo ake jerawa, na sama ya hau kan gaɓar biyu na ƙasa. Kuma wa ya ce a cika buhu dam? A bar masa wuya, a lanƙwashe bakin a kwantar da shi a ƙarƙashi, a taka shi sai ya baje." Yana faɗi yana nunawa da hannu a kan tabarma, muryarsa ta dawo irin ta bakin jinga. Sai ya tuna yana fushi, ya rufe littafin ya miƙo mini.

Na ce, "To Baba ka zo ka nuna wa samarin."

Ya ce, "In fita yara su bi ni da yatsa? Shekarata nawa? Ke kika sa musu magana a baki. Je ki cire."

Na fito ina tafasa, da kaina da yaran da duk wanda ya fara ƙirƙiro irin labaran nan. Ta yaya ake cire magana daga bakin yaro? In bi su gida-gida? In sayi duk littattafan in ƙona? Sun riga sun haddace. A hanya ne na gane abin da ya fi sallama da ɗaukar mata muni a cikin Shaho. Idan mutum ɗaya zai iya komai, to dole sauran mutane su zama ba su iya komai ba. Haka aka gina labarin tun daga tushe. Dole a kwashe abin da ke hannun jama'a don nasa hannun ya yi girma. A garuruwan da aka ƙirƙiro shi wataƙila ba wanda ya san masu kallon, fuskoki ne kawai. Ni kuwa masu kallona suna da suna, suna da ƙafafun da suka farfashe, kuma ina gamuwa da su a layin niƙa.

Yaro ba ya sakin magana sai ka ba shi wadda ta fi ta daɗi a baki. Wannan na sani, don nima na yi yarinta ba da daɗewa ba.

Na koma wajen Baba washegari na gaya masa abin da nake so in yi. Ya saurara bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Ba zan je gayya ba. Amma in ke kaɗai ce, ki same ni bakin jinga ranar Asabar da safe, in nuna miki, don kada ki sake zana shirme da sunana." Na ce na gode. Ya ce, "Kuma ki zo da takalmin kirki, ba wannan na 'yan gayu ba." Bai ce uwargida ba. Amma bai ce Malama ba.

Alhaji mai injin bugawa shi ne ya tayar da ƙura. Na ba shi labarin sabon littafin: Shaho zai diro kamar kullum, zai kwashi buhu hamsin a hannu ɗaya ya jibge su ɗaya a kan ɗaya, ya tsaya yana jiran tafi. Ruwa zai ɓulle ta tsakani ya jiƙa masa ƙyalle. Baba Maina zai taho da buhunsa a kafaɗa, a gaban kowa, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai mai ƙyalle, sauko ka koyi aiki!" Sauran shafukan kuma Shaho yana ƙarshen layi ana miƙa masa buhu, Baba yana taka ƙasa yana nuna inda za a sa.

Alhaji ya ce, "Yagana, kin haukace? Wa zai sayi jarumin da tsoho ke yi wa tsawa? Yara ƙarfi suke so su gani. Ki yi na biyun wancan, ki sa shi ya shanye kogin gaba ɗaya."

Na ce, "Alhaji, yaran nan na san su. Ba abin da suke so kamar su ga an kunyata ƙato."

Ya ce shi ba zai sa takardarsa a ciki ba. Na ce to.

Na riga na yi magana da Malam. Bangon shagonmu na waje, wanda ke kallon hanyar kasuwa, ya fi kowane shafi faɗi, kuma akwai ragowar fenti daga aikin Kaugama. Ranar Asabar zan je jinga in koyi jerin buhu da hannuna, in zana shi yadda yake. Lahadi zan shafe bangon da fari in raba shi gida shida, in sa wa kowanne lamba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, don haka kwana goma na ba kaina. Maganar Baba da manyan baƙaƙe zan rubuta ta, daidai tsayin idon yaro.